Garin Neman Gira: Ƙuma da Kwiyakwiyan Kwalli

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin ƙa'idojin rubutun Hausa ya san yadda malamai kan ja kunne a kan haruffa masu lanƙwasa. Sukan ce ɗan lanƙwasan nan shi ke raba "kuma" da "ƙuma", shi ne kuma ke raba "karya", watau macen kare, da "ƙarya", watau kishiyar gaskiya. Na daɗe ina ɗaukar waɗannan kalmomi a matsayin misalan cin jarrabawa kawai, har zuwa daminar shekarar 2022, sa'ad da karya da ƙuma suka sauko daga kan allo suka same ni a tsakar gidanmu. A wannan shekara ce malaman jami'o'i suka yi dogon yajin aiki, tun daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, saboda haka na yi damina sukutum a ƙauyenmu, cikin ƙasar Dambatta, arewa da birnin Kano.

Na san wani mai karatu zai yi mamakin ganin zancen kare a mujallar ɗaliban Hausa, domin kuwa kare ba shi da wani babban matsayi a idon Bahaushe. Da sunansa ake zagi, da shi ake misalta maras zuciya. Amma duk da haka, manomi da makiyayi da maharbi sun san amfaninsa, addini kuma bai hana su ajiye shi don gadin gona ko garke ko don farauta ba. A mazhabar Malikiyya ma ba a ɗauki kare mai rai najasa ba. Abin da nake so in bayyana a nan shi ne yadda na so in yi wa wasu 'yan kwikwiyo alheri, na ɓuge da kashe biyu daga cikinsu da hannuna, da kuma abin da na koya daga baya a kan yadda ake raba jaririn kare da ƙuma ba tare da an raba shi da ransa ba.

Turke da Taki

Kafin in shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da abin ya faru, domin ita ce ta haifi ƙumar. A wajenmu babu sauran daji. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida, sai itatuwan kuka da ɗorawa da gawo da darbejiya a tsattsaye cikin gero da dawa. Tun a shekarar 1965 wasu masana labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore da J. Wilson, suka wallafa nazari a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a da ya kewaye Kano, inda suka nuna yadda ake noma gona kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Asirin kuwa shi ne taki. Da zarar an yi shuka, sai a ɗaure awaki da tumaki a turke cikin gida, don kada su yi ɓarna, a riƙa yanko musu ciyawa. Kashinsu da fitsarinsu da ragowar ciyawar su yi ta taruwa a ƙarƙashinsu har kaka, sa'an nan da rani a kwashe a mangala ko a amalanke a kai gona.

To, wannan takin da yake dukiya ga manomi, shi ne kuma shimfiɗar ƙuma. Yana da laima, yana da ɗumi, rana ba ta ratsa shi. Duk wanda ya shiga turkenmu a watan Agusta, lokacin marka, da wando gajere, zai fito da baƙin ɗigo-ɗigo a ƙwaurinsa suna tsalle. Mu yara mun tashi mun ga haka, har ba ma ɗaukarsa komai. 'Yan awakin da aka haifa a irin wannan lokaci sukan rame, gashinsu ya tashi, wasu su mutu, a ce sanyin damina ne.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne mai karnuka a gidan. Manomi ne, amma da an gama kaka sai ya shiga ayarin 'yan farauta. Yana da wata karya ja, mai baƙi a zagayen idanunta kamar an ranɓaɗa mata tozali, don haka ake kiranta Kwalli. Ita ce ta taɓa tona asirin ɓarayin da suka zo kwance mana tumaki da tsakar dare, tun daga ranar ko matan gida suka daina korarta daga bakin murhu. A ƙarshen watan Agusta ta haihu a ƙarƙashin rumbu, taku kaɗan daga turke. 'Ya'ya shida ta zuba, idanunsu a rufe, kunnuwansu a toshe, ba abin da suka iya sai jan ciki zuwa ga nono. Tun ba su kwana uku ba abokan farautar Baffa suka kama huɗu da baki, kowa ya nuna nasa.

Garin Neman Gira

Ranar da suka cika kwana takwas na lura kukansu ya sake. Ba kukan yunwa ba ne, wani siririn kuka ne da ba ya tsayawa. Na durƙusa na jawo ɗaya, na birkice shi. Cikinsa, inda babu gashi sosai, ya yi baƙi da ƙuma, suna gudu suna shigewa hammata da matsematsi. Sauran biyar ɗin ma haka. Na kai ƙaramin cikinsu wurin kakata, wadda muke kira Iya, tana zaune tana tsinkar zogale.

Ta duba, ta ce, "Maigidana, ai wannan aikin tsintsiya ne da mataji. Ka fito da su daga ƙarƙashin rumbun nan, ka ƙone shimfiɗar, ka zauna ka tsince musu ɗai-ɗai."

Na yi dariya na ce, "Iya, ai sai in shekara ina tsinta. Yanzu zamani ya wuce nan, akwai magani."

Ta ce, "To, ɗan boko. Maganin da zai kashe ƙuma, ka tambaye shi ko ya san kwikwiyo."

Ban tsaya sauraron ƙarshen maganarta ba. Kashegari Lahadi, ranar kasuwar Dambatta, na je na sami wani mai tallar maganin ƙwari a cikin baro, na sayi 'yar kwalbar fiya-fiya, irin wadda ake ɗurawa a tsofaffin kwalaben allura, babu takarda, babu suna. Na tambaye shi ko tana kashe ƙuma, ya ce ko kunama ce sai ta mutu. Bai yi mini ƙarya ba. Ni ne ban yi masa tambayar da ta kamata ba.

Da na dawo, bayan la'asar, na zuba kaɗan a cikin kwanon ruwa. A ganina na yi hankali, tun da na tsarma. Na tsoma tsumma na goge wa kwiyakwiyan ciki da baya, na yayyafa ragowar a shimfiɗarsu. Nan take ƙuma suka fara zubowa kamar an kaɗa ɗorawa. Na ji daɗi ƙwarai, har na kira 'yar autar Baffa, yarinya 'yar shekara biyar, na nuna mata, ta ɗauki ɗaya tana yi masa wasa.

Ba a yi sallar magariba ba sai yarinyar ta sheƙo tana cewa ƙananan suna kumfa. Na tarar da yawu na dalala daga bakinsu, jikinsu na ɓari, suna zawo, numfashinsu na ƙara kamar ana tafasa ruwa a ƙirjinsu. Kwalli tana ta lasarsu, ita ma yawu ya fara zubo mata. Ni kaina na ji kaina na sarawa, zuciyata na tashi. Na tsaya sororo, ilmin da nake taƙama da shi bai faɗa mini ko kalma ɗaya ba. Iya ce ta taso, ba ta ce mini uffan ba. Ta fara kama yarinyar ta wanke mata hannu da fuska da sabulu, ta tuɓe mata riga. Sa'an nan ta sa aka sirka ruwan ɗumi, ta wanke kwiyakwiyan ɗaya bayan ɗaya, ta goge su da tsohon zane, ta jera su a ƙwarya kusa da murhu. Wani maƙwabci ya ce a ɗura musu manja, ta hana.

Kafin asuba biyu sun mutu, watau ƙaramin nan da na fara ɗauka, da wata 'yar baƙa. Da safe Baffa ya zo ya tsaya a kansu, ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Allah ya sa iyakar asarar ke nan." Ya dubi 'yarsa da ke wasa a gindin turmi, ya sake dubana. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ni na haƙa rami a bayan danga na binne su. Garin neman gira na rasa ido.

Wurin Malamin Dabbobi

Bayan kwana biyu Baffa ya ɗauke ni a babur zuwa wurin wani dattijon malamin dabbobi da ya saba yi wa awakinmu allura. Na zayyana masa abin da na yi, ban rage komai ba. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ce ba ni ne farau ba. Ya ce ya ga waɗanda suka shafa wa dabba kananzir, ya ga masu baƙin mai, ya ga masu maganin feshin wake. Abin da zan kawo a ƙasa, wani daga bakinsa na ji, wani kuma na bi diddiginsa a littattafai bayan an koma makaranta.

Fiya-fiya, galibi, sinadarin da ake kira DDVP ne a cikinta. Aikinsa shi ne ya hana jijiya sakin tsoka bayan ta ba ta umurni, sai tsoka ta yi ta karkarwa, yawu da majina su yi ta zuba, har huhu ya cika numfashi ya tsaya. Yadda yake yi wa ƙwaro, haka yake yi wa kare, haka yake yi wa mutum, bambancin kawai yawan abin da ya shiga jiki ne. Yana ratsa fata, ana kuma shaƙarsa. Jaririn kare kuwa fatarsa siririya ce, hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta tace guba ba, nauyinsa bai taka kara ya karya ba, ga shi uwarsa na lasarsa, shi kuma yana tsotson nonon da ya gogi shimfiɗar. Saboda haɗarin wannan sinadari ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a shekarar 2019. Wani tsohon maganin da iyayenmu suka sani da suna gamalin, shi ma an sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda duniya ta yi yarjejeniyar dainawa a shekarar 2009. Malamin ya ce wankin da Iya ta yi da sabulu shi ne daidai, shi ya ceci huɗun. Ya ce manja ko madara ba sa karya wannan guba, ɗura wa dabbar da ke shure-shure wani abu ma yakan sa ta shaƙe. Makarinta allurar aturofin ce, ita kuwa sai a hannun likita.

Sa'an nan ya tambaye ni, "Malam, da ka ga ƙuma a jikinsu, kana tsammani nan ne gidanta?" Na ce i mana. Ya girgiza kai, ya ce jikin kare kasuwarta ce kawai, gidanta yana ƙasa.

Bayanin haka shi ne, ƙuma tana da matakai huɗu a rayuwarta. Tamatar takan yi ƙwai 40 zuwa 50 a rana guda a cikin gashin dabba, amma ƙwan ba ya mannewa, sai ya gangaro ƙasa inda dabbar ke kwanciya. Cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar farar tsutsa mai gudun haske, wadda ke nutsewa cikin ƙura da taki tana cin kashin manyan ƙuma, wanda ba komai ba ne illa busasshen jini. Daga nan ta saƙa wa kanta kwanso, kamar yadda tsutsar tsamiya ke yi, ta kwanta a ciki. In akwai ɗumi da laima, cikin mako biyu zuwa uku an gama zagayen. In kuwa babu dabba a kusa, tana iya yin watanni a cikin kwanson nan, magani bai cika ratsa shi ba, sai ta ji motsi ko ɗumin jiki ta fito. Masana sun ƙiyasta cewa waɗanda ido ke gani a jikin dabba ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba, sauran duk suna ƙasa. Ashe ko da fiya-fiyata ba ta kashe kowa ba, da bayan mako guda wasu sabbi sun hau. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Ya kuma nuna mini cewa tsoron da na ji tun farko ba na banza ba ne. Tamatar ƙuma kan sha jinin da ya ninka nauyin jikinta wajen sau 15 a kowace rana. Babban kare zai jure, amma kwikwiyon da bai fi tafin hannu ba, ɗaruruwa na zuƙarsa dare da rana, jininsa na iya ƙarewa ya mutu. Alamar ita ce a ɗaga leɓensa a duba dasashi. In ja ne kamar na lafiyayyen yaro, da sauƙi. In ya yi fari fat, jikin ya yi sanyi, ya kasa kama nono, to a gaggauta kai shi asibitin dabbobi. Ya ce 'yan awakin da muke cewa sanyin damina ya kashe, da yawansu wannan ce ajalinsu. Bugu da ƙari, ƙuma na ɗauke da ƙananan 'ya'yan wata tsutsar ciki mai gaɓa-gaɓa. In kare ya haɗiye ƙuma garin susa da haƙori, sai tsutsar ta girma a hanjinsa, a riƙa ganin gaɓoɓinta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarsa. Ƙaramin yaro ma da ke rarrafe a ƙasa yana iya kamuwa ta wannan hanya.

Da na koma karatu na tarar ƙanƙantar wannan ƙwaro ba ta hana shi shiga tarihi ba. A shekarar 1898 wani likita Bafaranshe, Paul-Louis Simond, ya tabbatar a Karachi cewa ƙumar ɓera ce ke yaɗa annobar nan da ta taɓa cinye al'ummar Turai, wadda kuma ta addabi Ikko daga 1924 zuwa 1931. Wannan ba irin ƙumar karnukanmu ba ce, amma ta isa ta nuna cewa komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Tsintsiya, Rana da Mataji

Da muka dawo gida na je na durƙusa gaban Iya na ce ta koya mini. Ta ce, "Af, angon nawa ya sauko daga jirgi?" Matan gida suka yi ta dariya. Abin mamaki shi ne, kusan duk abin da malamin dabbobi ya lissafa, shi ne abin da ta faɗa tun ranar farko, sai 'yan ƙare-ƙare. Ga yadda muka yi.

Da farko muka raba su da wurin. Muka share wani tsohon ɗakin ajiya mai daɓe, nesa da turke da akurkin kaji, muka mai da Kwalli da 'ya'yanta huɗu can. Tsohuwar shimfiɗar ƙarƙashin rumbu muka jawo ta da manjagara zuwa fili muka ƙone, muka kankare ƙasar wurin, muka kwarara tafasasshen ruwa. Ba mu kunna wuta kusa da rumbu ba, don kada garin gyaran doro a karya baya.

Na biyu shi ne shimfiɗa. Maimakon ciyawa, muka sami tsofaffin buhunan algarara guda uku muna juya su. Kullum da safe in ɗauke na jiya, in tsoma shi a tafasasshen ruwa da sabulu, in shanya a rana, in shimfiɗa wani. In share ɗakin har lungu-lungu, in zuba sharar a wuta, ba a juji ba. Hikimar ita ce, ƙwai da tsutsar ƙuma ba sa jure zafi mai tsanani, ba sa kuma rayuwa in laimar iska ta yi ƙasa da rabi. Dalilin da ya sa ke nan ƙuma kan ragu da hunturu da bazara, ta yi yawa da marka da farkon kaka. Iya takan sa ɗanyen ganyen darbejiya a ƙarƙashin buhun, inda kwiyakwiyan ba za su kai baki ba. Malamin ya ce wannan ba laifi, domin akwai sinadari a darbejiya da ke hana ƙwari girma, amma kada a dogara da shi kaɗai, kada kuma a shafa man darbejiya ko wani mai ƙamshi mai ƙarfi a jikin jariri.

Na uku shi ne mataji. Na sayi irin mai ƙananan haƙora da ake taje kwarkwata da shi. Safe da yamma nakan zauna da ƙwaryar ruwan sabulu a gefena, in ɗora kwikwiyo a kan farin ƙyalle, in taje shi a hankali daga wuya zuwa wutsiya, in bi ciki da hammata da bayan kunne. Duk ƙumar da ta fito sai in tsoma matajin a ruwan. Sabulun yana da muhimmanci, domin a ruwa zalla ƙuma takan yi iyo ta tsallake, a ruwan sabulu kuwa nutsewa take yi. Baƙin garin da ke zuba a kan ƙyallen, in an ɗiga masa ruwa sai ya koma ja. Ranar da na fara ganin haka jikina ya yi sanyi, don na san jinin wa nake kallo.

Na huɗu shi ne wanka, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Jaririn kare ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa a makonnin farko, da jikin uwarsa da na 'yan'uwansa yake ɗumama, saboda haka sanyi na iya kashe shi kafin ƙuma ta kashe shi. Ba mu yi musu wanka ba sai sau biyu, shi ma don ƙumar ta yi yawa ne. Da tsakar rana muka yi, da ruwa mai ɗumin da gwiwar hannu za ta jure, da sabulu maras ƙarfi irin na jarirai. Akan fara zagaya wuya da kumfa, don kada ƙuma su gudu su taru a ido da kunne, ba a kuma tsoma kai. Cikin 'yan mintoci an gama, a ɗauraye, a goge shi ya bushe sarai, a mai da shi ga nono.

Na biyar ita ce uwar, domin ita ce jakar da ke kawo sabbin ƙuma daga waje. A nan ne kawai magani ya shigo, kuma malamin dabbobi ne ya zo da kansa ya ɗiga mata a ƙeya, inda harshenta ba ya kaiwa, bayan ya ƙiyasta nauyinta. Akwai magungunan da aka yi musamman don karnuka, waɗanda aka gwada aka ga ba sa cutar da mai shayarwa, alal misali selamektin. Amma kowannensu yana da iyakar shekaru a takardarsa. Selamektin ba a sa wa kwikwiyo sai ya kai mako 6, yawancin masu ɗigawa a ƙeya kuwa sai mako 7 ko 8. Akwai na feshi mai sinadarin fifronil da aka yarda a Ingila a yi wa ɗan kwana 2, amma a Amurka takardarsa ta ce sai mako 8. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna cewa ba aikin ɗan koyo ba ne. Ya kuma gargaɗe mu cewa maganin kare mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa. Muka ƙara wa Kwalli abinci, tuwo da kunu da romon ƙashi, tun da ita ma jini ake zuƙa, ga shayarwa.

Da dare nakan ajiye faranti da ruwan sabulu a bakin turke, in rataya 'yar fitila mai caji a samansa. Da safe in tarar da gawarwaki a ciki. Ba ya ƙarar da su, amma da shi nake gane ko suna raguwa. Baffa kuma, ba tare da kowa ya ce masa ba, ya fara kwashe takin turke duk mako yana tarawa a bayan gida, maimakon ya bar shi har kaka.

A kwana na goma sha uku idanunsu suka buɗe. A mako na uku ina taje su in sami ƙuma biyu ko uku, wata rana ma babu. Dasashinsu ya dawo ja, suka fara tangaɗi a tsakar ɗaki suna cizon wutsiyar juna. Malamin ya ba su maganin tsutsar ciki, ya kuma ja kunnen Baffa cewa da sun cika wata uku a yi musu rigakafin ciwon haukan kare.

Kammalawa

An janye yajin aiki a tsakiyar Oktoba, na koma makaranta. Kafin in tafi, masu kwiyakwiyai uku suka zo suka ɗauki nasu, Baffa ya riƙe ɗaya. Mutum na huɗu, wanda ya kama 'yar baƙar nan da baki, ni na je har gida na ba shi haƙuri.

Tun muna makarantar allo muke jin hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Na yi zaton tausayi kaɗai ya isa. Amma ni ma tausayi ne ya kai ni kasuwa ranar Lahadin nan, sai dai tausayi ne mai gaggawa, wanda ya raina tsohuwa ya amince da kwalbar da ba ta da suna. Ban ce duk abin da tsofaffi suka faɗa daidai ne ba, domin mai cewa a ɗura manja ma dattijo ne. Ban kuma ce maganin zamani banza ne ba, tun da shi aka sa wa Kwalli. Abin da na gane shi ne, Iya ta san inda ƙuma ke kwana, malamin dabbobi ya san dalili, ni kuwa ban san ko ɗaya ba, kuma ban tambaya ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka fito daga karkara, waɗanda in mun je hutu akan miƙo mana kwalba a ce mu karanta. In aka ce ƙuma ta kama jaririn dabba, kwikwiyo ne ko ɗan akuya ko ɗan kyanwa, kada a kusance shi da fiya-fiya ko kananzir ko maganin feshin gona. A sauya masa wuri, a ƙone shimfiɗa, a share, a shanya, a taje, a duba dasashi, a bar zancen magani ga malamin dabbobi. Aiki ne mai cin rai, safe da yamma har mako uku ko huɗu, amma yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Da na je hutun ƙarshen zango, wanda Baffa ya riƙe ya zama saurayin kare, ja kamar uwarsa. Ya tarye ni tun daga bakin danga yana kaɗa wutsiya, a daidai wurin da na binne 'yan'uwansa. Iya na zaune a inuwar rumbu, ta hango mu, ta ce, "Maigidana, ka ga shi bai riƙe ka ba. Shigo ka sha fura." Allah ya sa mu dace.